Ɗauko Mai Wankan Saje Bawa

Tun da na dawo daga tafiyar nan, mutanen majalisarmu ta gindin dalbejiya a Damba ba su bar ni na sha furata cikin natsuwa ba. Wannan ya ce, "Malam Ɗahiru, yaya hanyar Tsafe take yanzu?" Wancan ya ce, "Da gaske har Bunguɗu ka kai?" Na ba da labarin har muƙamuƙina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri ya kai gaba. Shekaranjiya wani ya ba ni labarin tafiyata, ni da kaina, a ciki wai an harbe ni a ƙafa. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, ranar da malaminmu ya ga gara ni da lissafi mu rabu tun ana ganin mutuncin juna. Wanda ya ga harafi ya karkace sai ya miƙe shi da kansa.

Na san wani zai ce Gusau zuwa Tsafe ai ba tafiya ba ce, mai sayar da tumatir ma yana zuwa ya dawo kafin azahar. To, a tuna lokacin. Lokacin ne aka ɗauke sabis ɗin waya saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, wayoyinmu suka koma fitilun shiga banɗaki. Saƙo sai a baki, baki kuma sai ƙafa ta kai shi. A wannan zamani wanda ya wuce Damba ya yi gabas matafiyi ne, ya cancanci a yi masa barka da dawowa.

Dalilin tafiyar shi ne Saje Bawa, maƙwabcina, katanga ɗaya. Yana cikin samarin da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama tun ba a haife ni ba. Shekarunsa ba wanda ya sani. Sajen ma ban taɓa ganin igiyarsa ba, amma muryarsa ta isa shaida. Ni kuwa tun da na tare a unguwar ina saurayi yake kirana Kurtu. Na yi 'ya'ya, na yi jikoki, gemuna ya yi fari tas, ba ƙarin girma ko na igiya ɗaya.

Mutum ne mai labari. Ya ba mu na jirgin ruwa da yadda 'yan Arewa suka yi ta amai a teku, da ruwan saman Bama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku masu shiga takalmi. Abu ɗaya ne ba ya cikin labarinsa: rigarsa. Ba wanda ya taɓa ganin Saje Bawa ba riga. A gona, ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa, shi yana cikin kakinsa mai dogon hannu, maɓalli har wuya. In zai yi wanka sai ya tokare ƙofa da turmi. Wani attajiri da ya daɗe yana yi wa gadi ya taɓa ba shi kujerar Makka, ya yi godiya, ya ce a ba liman. Mu a majalisa muka ce harami ne ya tsorata shi, tunda ba a ɗora shi bisa riga.

Ba shakka mun yi bincike irin namu. Wasu suka ce layu ne jere a jikinsa. Wasu suka ce tabon harsashi ne a baya, wato da gudu aka same shi. Wani kuma ya ce hoton wata Ba'indiya aka zana masa da allura a ƙirji. Wannan na ƙarshe ni na kawo shi, kuma shi ya fi karɓuwa. Matansa sun rasu ba su ce komai ba. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya ga abin, wani Nomau Wanzam, wanda ya riƙa yi masa ƙaho shekaru da yawa, ƙofa a kulle, kafin ya koma Tsafe da zama.

Wata safiya cikin kaka, ana yankan gero, 'yarsa Kulu ta leƙo ta katanga ta ce Baba na kira. Kulu ita ma tsohuwa ce, ita kaɗai ta rage masa. Na same shi kwance, ya zama kamar karan dawa, amma maɓallin nan yana wurinsa.

"Kurtu."

"Na'am, Saje."

"Tahiya ta matso. Malam Isa mutumen kirki na, amma in zai wanke gawa mutanen dalbejiya ka kama mishi. Ban son idonsu bisa jikina. Ka tahi Tsafe ka ɗauko min Nomau."

Malam Isa shi ne limamin unguwa, shi ke wanke mamatanmu. Na ce, "Saje, ga samari masu ƙafa, sai ni?"

Ya rufe ido. Kulu ce ta raka ni zaure ta yi mini bayani. Ta ce saurayi a hanya yanzu tambayoyi ke cinye shi, tsoho kuwa ba mai kula shi. Na ji daɗin wannan. Sai ta ƙara da cewa, "Kuma Baba ya ce ko da ya cika kana hanya, to an rage baki guda."

Da wannan takardar yabo na kama hanya.

A tasha aka cusa mu cikin wata ƙaramar mota da ta girmi direbanta. Na samu wuri a baya, rabin jikina bisa kujera, rabi bisa wani malamin makaranta mai ladabi. Yana rungume da jaka kamar mai jego. Na ce ko magani ne. Ya buɗe mini: wayoyi ne fal, na mutanen layinsu. Funtuwa za shi, inda sabis yake, ya kira wa kowa danginsa ya ce ana lafiya, ya karɓo amsa ya dawo. Na ce, "Malam, kai ne gidan waya ke nan." Ya ce abin da ke damunsa wata tsohuwa ce da ta ba shi saƙon faɗa zuwa ga surukarta, ta ce kuma da muryarta zai yi shi.

Iyakar ƙasa ta farko shingen sojoji ce. Aka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa. Ni da na sha horo a hannun Saje, ina isa gaban wani yaron soja na haɗa dugadugai na ƙame na sara masa. Gwiwata ta yi ƙara, shi ma ya ji.

"Baba tsohon soja ne?"

"Maƙwabcin soja ne."

"Wace bataliya?"

"Katanga ɗaya."

Ya yi dariya, ya ce ina zuwa. Na ce ɗauko mai wankan gawa. Ya gyara fuska ya ce Allah ya jiƙan rai, wa ya rasu? Na ce ba kowa tukuna. Ya dube ni, ya dubi direba, direba ya dubi sama. Da na ga abin zai kai ni gindin bishiya inda ake ajiye waɗanda ba a gane kansu ba, sai na ce wani tsohon sojan yaƙin Bama ne ke kwance. Yaron ya gyara tsayuwa. Ya ce shi ya ɗauka duk sun ƙare. Ya ce in na koma in ce wani ƙaramin soja yana gaishe shi. Ya kama hannuna ya sa ni mota da kansa.

Muka wuce dutsen Kwatarkwashi, yana nan inda na bar shi shekarun baya. Direba ya ce nan ƙasar Bunguɗu ce. Na ce to, masu raba ƙasa sun fi ni karatu, amma ni na san Bunguɗu a bayana take. Daga nan hira ta mutu. Akwai wani yanki da kowa ya san ba a magana a cikinsa sai salati. Direba ya taka mota har tana rawa, ni kuma na leƙa taga in ga ko ana bin mu. Iska ta karɓi hulata. Na ce, "Direba, hulata." Ya ce, "Baba, Allah ya mayar da alheri." Ko waiwaye bai yi ba.

Haka na shiga Tsafe, tsoho ba hula, kai na sheƙi, ina tambayar gidan mutum.

Mutanen Tsafe na san su da son baƙo, amma zamani ya koya musu wani sabon hali. A Gusau in ka tambayi gidan mutum, za a gaya maka gidan, da yawan matansa, da abin da aka dafa jiya. A Tsafe kuwa na tambayi mai faci ina Nomau Wanzam, ya ce bai taɓa jin sunan ba. Na tambayi mai shayi, ya ce shi ma baƙo ne, alhali ga tukunyarsa ta yi saiwa a wurin. Na tambayi wani wanzami yana tsakiyar aski, ya ce a iya saninsa ba a taɓa yin wanzami a garin ba. Ban ga laifinsu ba. Masu kai wa 'yan daji rahoto da irin tambayar nan suke farawa, kuma ba a taɓa cewa ba su da furfura ba.

Rana ta karkata, ƙafafuna suka kai ni rumfar wani mai goro, Alhaji Mani, dattijo mai ƙiba da ƙananan idanu. Ya bar ni na gama jawabina duka yana yayyafa wa goronsa ruwa.

"Kac ce Saje Bawa ya aiko ka?"

"Shi."

"Shina da rai?"

"Da safe dai na bar shi da shi."

"Rigar fa?"

"Har wuya."

Ya ajiye kwanon ruwan. "Zauna. Ina hularka?"

A bakinsa na ji cewa na yi tafiyar banza. Nomau ya bar Tsafe tun bara. 'Yarsa Tumba, da ke aure a Bunguɗu, ta zo ta ɗauke shi. Na miƙe zan koma tasha, Alhaji Mani ya ce in na samu direban da zai hau hanyar nan bayan la'asar, to kada in shiga motarsa, don ba shi da hankali. Na tsaya ina duban yamma, wajen Gusau. Mutum na can yana riƙe da numfashinsa yana jirana, ni kuma ga ni zan kwana a Tsafe.

Masaukina zauren Alhaji ne, tsakanin huhunan goro. Wuri ne mai sanyi da danshi, don goro ya fi baƙo daraja a gidan, kuma ban yi gardama ba. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, daddawa ta ji har tana gaisuwa tun daga ƙofa. Nan na ga wani bambancin. A Gusau in baƙo ya ce ya ƙoshi an yarda da shi, har ana gode masa a zuci. A Tsafe sai ya kawo shaidu. Na ce alhamdu lillahi, aka ƙaro malmala. Na wanke hannu, aka kawo fura. Alhaji kuma ya ba ni aron hula, irin ta kansa, ta sauko mini har gira.

Muna cin tuwon ne na ba shi bayanin binciken majalisarmu, har da Ba'indiyar. Bai yi dariya ba. Ya ce mahaifinsa sa'an Saje ne, ƙauyensu ɗaya a nan ƙasar Tsafe, kuma shi ya ba shi labari.

"Kun san Bawa ɗan kokawa na?"

Na ce wane Bawan.

"Wanga naku. Kahin yaƙi ba shi sa riga ko ranar kasuwa. Ƙirji gare shi kamar ƙyaure. In anka gama girbi anka buɗe hili, 'yan mata har daga wasu ƙauyuka suka zuwa kallo. Ƙirjin nan ma shi ya kai shi. Bature ya zo, mai gari ya jera samari, Baturen ya bubbuga ƙirjin Bawa da sanda, ya ce wanga. Anka ce musu tuƙin mota za a koya musu. Sai ga su cikin daji da kaya bisa kai."

Ya ce shekarar da Bawa ya dawo, da kaka, aka buɗe fili kamar kullum. Makaɗi ya hango shi cikin 'yan kallo, ya saki takensa. Jama'a suka dare, suka ba shi hanya. Bawa ya miƙe, ya tako har tsakiyar fili, ya kai hannu ga maɓallin wuya. Ya daɗe a haka, kiɗa na tashi. Sai ya sauke hannun, ya juya, ya ratsa mutane ya fita. Bai ƙara kwana bakwai a ƙauyen ba ya koma Gusau, inda ba wanda ya san takensa.

Na dubi tuwon gabana. Shekara da shekaru ina zaune katanga ɗaya da mutumin nan ina raba hoton Ba'indiya a unguwa. Alhaji ya ce in ci, na ce na ƙoshi, kuma a karon nan bai nemi shaidu ba.

Da gari ya waye aka ba ni guzurin hoce, gasasshiyar wainar dawa, a leda na kama motar farko. Wanda zai je Bunguɗu daga Tsafe dole ya ratsa Gusau, kuma dole ya wuce ta bakin Damba. Layinmu ana hangensa daga titi. Tun daga nesa na fara addu'a kada in ga tabarmi a ƙofar gidan Saje, don in an shimfiɗa tabarmi da safe an san abin da ya faru. Muka zo daidai. Ba tabarma, sai awakin Kulu suna cin ƙaiƙayi. Can gindin dalbejiya kuwa ga mutanena an fara taruwa. Na ja hular Alhaji Mani ta rufe mini fuska. Jakada ba ya sauka hannu sake a gaban jama'a, balle jama'a irin wannan.

Hanyar Bunguɗu gajera ce, ba ta ba ni wani abin faɗi ba, sai wata mata da ta zauna kan hocena. Garin kuwa ya fi namu ruwa da kore, ga rake ko'ina. Mutanensa ba su ɓoye mini gidan Tumba ba, sai dai kwatancensu ne abin lura. Mu a Gusau da gidan mai da shagon caji muke kwatance. Su da matattu suke yi. "Ka bi nan har gidan marigayi Sarkin Pawa, ka karya ta inda marigayiya mai ƙosai take zama da, sai ka ga gidan da liman na da ya rasu a ciki." Na ce ni baƙo ne, ban samu halartar jana'izar ko ɗaya ba, a taimake ni da mai rai. Wani mai rake ya bar rakensa ya kai ni har ƙofa, ya kuma ba ni sanda guda kyauta, ni da haƙorana suka yi ritaya.

Tumba mace ce doguwa mai magana a tsaye. Ta saurare ni daga bakin zaure, ta ce Allah ya ba Saje sauƙi, amma Baba ba ya zuwa ko'ina.

"Malam, ba a gaya maka ba? Idonshi ya tahi. Ko masallaci sai an ja shi. Hannu na rawa. In sa shi mota cikin wanga hali, in wani abu ya taso a hanya, kai za ka goya shi?"

Na dubi ƙafafuna. Ina shirin fara roƙo sai wata murya ta fito daga ɗakin da ke jikin zauren.

"Wa ka maganar Bawa?"

Ya fito yana lalube da sanda, ɗan ƙaramin tsoho, idanu fari fat. Na gaishe shi na faɗi saƙo. Ya ce, "Kai ne Kurtu? Kana nan da bakinka?" Na ce yana nan, an gode. Ya juya wajen 'yarsa ya ce ta ɗauko masa babbar rigarsa.

"Baba, mi za ka wanke ba ka gani?"

"Ai ganin ne ba ya so, ɗiyata."

"In ka faɗi fa?"

"Sai a wanke mu tare, an huta da ɗora ruwa sau biyu."

Ta yi faɗa, ta yi ƙwalla, ta ɗauko rigar. Ta dama mana fura mai kauri da nonon Fulani na gaske, irin wanda a Gusau sai a labari, ta tsaya a kanmu har muka shanye. A tasha ta kama hannun rigata ta ce, "Malam Ɗahiru, amana na ba ka. Yadda ka ɗauke shi haka za ka maido min shi." Na ce in sha Allah, da muryar da ta fi ƙarfin zuciyata.

A mota na zaunar da shi jikin taga, na riƙe masa sanda. Na yi niyyar in yi shiru, Allah ya sani. Har muka bar gari ina riƙe da niyyar. Sai dai ga mutum a kafaɗata, abin da na yi shekaru ina son sani yana cikin kansa, tsakanina da shi bai fi taƙi ɗaya ba.

"Malam Nomau, ni ba tambaya nake ba. Layu ne?"

"Raken bana ya yi ruwa."

"Ko dai harsashi?"

"Direba, sannu da ramukka."

"Na ce tunda yanzu ido ya tafi, ai abin ya zama tsohon labari."

Ya juyo da fararen idanun nan kamar yana ganina. "Ranar da ciwon baya ya kayar da shi har ya kira ni, ina yaro da zabirata, ya tokare ƙohwa, ya ce, wanzam, hannunka na kira, ban kira bakinka ba. Na ce na ji. Har yau ban ji an canza oda ba. Riƙe min sandata da kyau, kana bugun ƙafata."

Muka sauka a Damba ana kiran la'asar. Ba tabarmi. Mutanen dalbejiya suka miƙe suna kallon jakada ya dawo da makaho a hannu da hular da ba tasa ba. Ban tsaya ba. Na ja Nomau har bakin gadon Saje, na ɗora hannunsa kan nasa.

Saje ya buɗe ido da ƙyar. "Wanzam."

"Bawa."

"Ka tsuhwa."

"Na makance ma."

Sai na ga gefen bakin Saje ya motsa. "Madalla," ya ce.

Na isar masa da gaisuwar ƙaramin sojan nan na shinge. Ya ɗaga yatsu biyu daga kan bargo, iyakar abin da ya rage masa na sarawa. Ni bai ce mini sannu da hanya ba. Ya dai tambayi ina na samo wannan hula, ya ce in a Bama ne da an tsare ni.

Washegari da hantsi ya cika, Nomau na riƙe da hannunsa, Kulu na yi masa kalmar shahada. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka tafi haƙa kabari, aka kawo likkafani, aka ɗora ruwa. Malam Isa ya ce wasiyya wasiyya ce, Nomau zai yi wanka. Amma ya ce a dubi hannun bawan Allah nan, ko buta ba ya iya riƙewa, balle ya juya mutum. Dole a samu mai kama masa. Kafin ya rufe baki mutum uku daga majalisarmu sun miƙe suna naɗe hannun riga. Ban taɓa ganin sun yi saurin aikin lada haka ba. Kulu ta yi magana daga bayan ƙyaure.

"Malam, Baba bai yarda da ido ba. Ko naka."

Aka yi cirko-cirko. Rana na hawa, masu haƙa sun aiko an gama, gawa ba ta jira. Malam Isa ya ce to, a kawo shawara, don ba za a binne Musulmi ba wanka ba, kuma ba za a bar makaho shi kaɗai da gawa ba.

Akwai wani ƙyalle da ya ragu da aka yanka likkafanin, yana kan tabarma. Na ɗauka na miƙa wa liman.

"Malam, ɗaure min ido. Ni zan kama masa."

Wani daga baya ya ce, "Ɗahiru ta ƙarƙashi zai leƙa." Na ce gaskiya ya faɗa, na san mutumin, a ninka. Malam Isa ya ninka, ya ɗaure har kunnuwana suka yi zafi. Ya kama ni da hannu ɗaya, Nomau da ɗaya, ya kai mu ciki, ya fita, ya ja ƙofa. Na ji Kulu ta gangaro turmi ta tokare ta daga waje.

Ba zan ce mun yi aikin da kyau kamar masu ido ba. Na zuba wa Nomau ruwa a ƙafa, ya ce shi da sauransa tukuna. Na yi karo da bokiti. Ya sa na naɗe hannuwana da tsumma har wuyan hannu, ya ce yatsu ma suna da baki. Daga nan sai umarni kawai: ɗaga, riƙe, zuba, dama, hagu. Da na ɗaga Saje na ji ba nauyi ko kaɗan, mutumin da aka ce ƙirjinsa kamar ƙyaure.

Sai na ji ɗan ƙaramin sauti, maɓalli na fita daga raminsa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don hannun na rawa. Nomau ya sunkuya, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba.

"Bawa, ni ne. Ba mai gani."

Muka wanke shi. Muka juya shi dama, muka juya shi hagu, muka yi masa alwala, muka naɗe shi. Nomau ya bi ɗaurin da hannu tun daga kai har ƙafa, ya sake bi. Sannan ya ce in kwance idona.

Na kwance. Ga farin ƙyalle miƙe bisa tabarma, tsaf, ba inda ya buɗe. Ɗakin kuwa ya zama fadama saboda ruwan da muka zubar, Nomau na tsaye a ciki jiƙe har gwiwa, yana fuskantar bango, yana tsammanin ƙofa ce. Na juyo da shi, na ƙwanƙwasa wa Kulu ta janye turmin.

Na ce wa jama'a, "Ku shigo ku ɗauka. An gama."